Awarwaro Bakwai

Ana jibi Sallah na janyo adakar Gwaggo Tasalla
daga ƙarƙashin gado.
Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man gyaɗa.
Da murfin ya ɗaga, kafur da tsohon turaren wuta
suka taso suka gaishe ni, kamar mutanen gida.

Ga saƙi, ga barage, ga gwado mai jan baki,
ga atamfar da aka daina bugawa tun ina zanen goyo,
ga tandun kwalli da ya yi laushi don shan hannu,
murjani a zarensa, tsakiya a ƙullin tsumma,
can ƙasa kuma, a gwangwanin alewa,
awarwaron azurfa guda bakwai.

Ƙanwata Zulai ta leƙo, waya a hannu:
"Yaya, ke dai an haife ki a makare.
Leshi ya cika Sabon Gari, kina nan kina tonon tsumma."
Na ce da tsohuwar zuma ake magani.
Ta ce to Allah ya ba ki lafiya.

Na goge tasoshi da toka da tsamiya
har na ga hancina a gindinsu.
Na hau kujera na yi jere,
fanteka kan fanteka, langa kan langa,
faifai uku a bango, fitilar ƙwai a kan taga.
Rifkatu ta zo daga Wusasa ta riƙe mini kujerar.
Ciwonmu ɗaya ni da ita:
furannin takarda da babanta ke ratayawa da Kirsimeti
suna nan a kwalin sabulu, sun koɗe,
duk shekara sai ta like su da ƙullun rogo
ta hana kowa sayen sabo.

Azurfar ce ta ƙi toka.
Na ratsa Ƙofar Kuyambana na kai wa Malam Barau.
Ya gyara tabarau, ya juya ɗaya, ya juya biyu,
ya daɗe bai ce komai ba.
"Wannan bugun mahaifina ne. Ni na hura masa zuga.
Sha biyu ya ƙera."

Na ce, to ina biyar?

Ya ajiye awartaki ya shiga lanƙwasa yatsu.
"Ɗaya shekarar fari, ya koma gero.
Biyu ranar da uwarki ta ci jarrabawa,
suka zama akwati da takalmi da kuɗin mota.
Ɗaya sa'ad da kawunki Tanimu ya kwanta a Tudun Wada."
Saura ƙaramin yatsa a tsaye.
Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Wannan kam rediyo ta saya.
Ta ce ita ma tana so ta ji abin da duniya ke ciki."

Ya ce in ina so zai cike mini gurbin,
mako biyu, ba mai gane sabo da tsoho.
Na ce a'a, Baba. Wanke mini waɗannan kawai.

Da safen Sallah na ɗaura saƙin,
ya yi mini nauyi a ƙugu, ya ci ni a haƙarƙari.
Na yi ɗaurin kallabi irin na hoton nan nata
mai baƙi da fari, wanda ta ƙi yin murmushi.
Na ja kwalli. Na zura bakwai ɗin a hannun hagu,
suna ta kai da komo tsakanin wuyan hannu da gwiwa,
wuri ya yi musu yawa.

A hanyar idi wata tsohuwa ta kama hannuna
ta ƙirga, ta dube ni, ta sake ni.

Da muka dawo na iske Zulai gaban madubi,
ta cire sarƙarta ta Dubai ta ajiye kan gado,
murjanin Gwaggo a wuyanta.
Ta ce gwadawa kawai take yi.
Yau kwana tara ke nan.