Gonar da Ke Cikin Riga

Jirgin dare ya bar Hakodate ƙarfe biyu saura,
motata na can ƙasa, shaƙe da kifi, an ɗaure ta da sarƙa.
Na hau sama, na tuɓe takalmi, zan miƙe baya,
sai ga yaro a lungu yana danna abu, yana ƙara dannawa,
kamar mai ƙwanƙwasa gidan da mutanensa suka yi ƙaura.

Genta sunansa, shekara tara.
Uwarsa Shinobu ta yi matashi da jaka,
ido a rufe, amma ba barci ba ne.
Na san irin wannan rufewa.

"Ta ƙi tashi," in ji shi.
Na karɓi na'urar wasan. Fuskarta baƙa ƙirin,
ban ga kome a ciki ba sai furfurata.

Na ce, danne maɓallin, kada ka saki,
ƙirga goma sha biyar, ba ƙirgen mai jin fitsari ba.
Ya ƙirga. Shiru.
Muka ja jiki gefen injin sayar da shayi,
inda soket yake, muka maƙala caja.
Ko ƙyas.
Na zaro tawa wayar cajin muka musanya. Jiya i yau.
Kuwabara, direban katako, ya miƙo tsinken sakace,
na leƙa ramin caja, na sakato
zaren aljihu, ɓarɓashin biskit, da gashin kyanwa sili guda.

"Na Mikan ne," ya ce.
"Ita ba ta biyo mu ba."

Na yi kamar ban ji ba, na hura ramin.

"Akwai gona a ciki.
Ni da yayata Nozomi muka shuka kabewa, layi huɗu.
Ita ta zauna wurin Baba.
In ban ba su ruwa yau ba, bushewa za su yi."

A nan tafin hannuna ya faɗa mini abin da ido ya kasa:
abar nan sanyi ƙarara, kamar kayan da nake dako.
Ina ka ajiye ta?
A bayan jaka, a bakin tasha,
awa biyu ƙanƙara na sauka suna jiran a buɗe ƙofa.

To, batir tsoho ne irina, yaro,
sanyi na kama masa gwiwa.
Cusa ta cikin riga, daidai ƙirji,
bar caja a jiki, kuma kada ka tambaye ta kome.
Mai nauyin barci ba a tashinsa da duka.

Ya zauna, waya ta fito daga wuyan rigarsa zuwa bango
kamar igiyar cibiya.
Ta taga muka ƙirga fitilun masunta,
ya ce ashirin da uku, na ce da huɗu,
muka yi musu har shayina ya huce.
Ya tambaye ni ko Aomori na da kyanwoyi.
Na ce sun fi mutane yawa. Ƙarya na yi.

Wajen ƙarfe huɗu, haske ya ratso ulun rigarsa,
ɗan ja tukuna, sannan fari,
sannan wani siririn kiɗa kamar kukan tsako.
Shi kuwa kansa ya riga ya faɗa kan kafaɗata.

Na zaro ta a hankali. Ga gonar,
ga kabewa sun yi laushi, ga wani ɗan mutum riƙe da bokiti.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi,
amma ban san me ake dannawa ruwa ya zuba ba.

Sai hannu ya miƙo ta bayana.
Shinobu ce, ido jajir.
Ba ta tambayi maɓalli ba.
Ta bi layi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya,
har ta tsaya a kan wata kabewa mai ɗan allo a gindi,
ta daɗe tana karanta sunan da ke jiki.

Ƙasa, injunan motoci suka fara tari.
Na sa takalmina.