Allon Caji

Rumfata na bakin hanyar Maigatari,
sola ɗaya a kan kwano, batir biyu a ƙasa,
da allon katako mai baki talatin.
Hamsin ake ba ni in shayar da waya ta ƙoshi.
Gidajen garin nan ta wayoyinsu na san su:
ta Mati mahauci, maiƙo ya cinye lambobinta,
ta Gwaggo Zilai, roba ce ke riƙe da ƙugunta.

Shekarar da aka garƙame makaranta
kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofar aji shida,
awaki suka gaje barandar.
Aka ce karatu ya koma cikin waya.
Wace wayar?
A allona uku ne kawai ake shafawa,
sauran duk rakani-kashi,
kira da tocila, shi ke nan.

Sabis ma baƙo ne mai kunya.
Sai ka hau surin bayan burtali,
ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa,
sannan ya leƙo, sanda ɗaya.
Wata rana na Nijar ne zai amsa,
ya yi maka maraba da Faransanci, ya lashe katinka.

Ran wata Talata Barira ta zo,
'yar Saude mai daddawa,
ta ajiye wayar uwarta da hannu biyu:
"Ilu, zuba mini lissafin Malam Hudu,
irin wanda ɗan Alhaji Nomau ke kallo."
Na juya wayar, na buɗe bayanta, na hura,
kamar hurawar za ta gyara wani abu.
Bakina ya ƙi faɗa. Ita ta gane.
Ta biya kuɗin caji ta tafi.

Daren nan juyi na kwana yi.
Ni da ke tura wa samari waƙa a memori,
goma a naira ɗari.
Da asuba na hau surin
da wayata mai tsagaggen gilashi,
na tsaya har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata.
Darasi huɗu suka sauko, ɗigo-ɗigo,
kamar ruwan tulu mai tsaga.
Cefanen kwana biyu ya tafi a data.

Na jona sifika.
Yara tara suka zauna, washegari sha bakwai,
littafi a cinya, ƙafa a rairayi,
muryar Malam Hudu na fita ta inda kiɗa ke fita.
Masu jiran caji suka rage gardamar ƙwallo.

Sai Barira ta ɗaga hannu.
Akwati ta ɗaga wa hannu.
Muryar ta wuce abinta, ba ta waiwayo ba.
Ta juyo ta dube ni,
ni kuwa a aji huɗu na ajiye biro.

Muka rubuta tambayar a bayan kwalin sukari,
na ba Gambo direba ran kasuwa.
Amsa ta dawo bayan kwana tara,
ta sha gumi a aljihu, rabin lambobin sun narke.
Ɗan Alhaji kuwa, kafin shayinsa ya huce an amsa masa.
Ban ga laifin yaron ba.
Shi ma yakan zo, su yi masa rumfa da kawuna
har batir ya ce ga garinku nan.

An buɗe makaranta tun bara.
Barira na wucewa da safe, ta gaishe ni.
Na tambaye ta ina aka kai.
Ta ce ajin na shafi na sittin,
ita tana na ashirin da uku,
amma tana tafe.

Kwalin na nan, na soke shi a ƙusa saman allon.
Masu karɓar waya sukan dube shi,
su ɗauka lissafin bashi ne.
Ban taɓa ce musu a'a ba.