Kuncin Mangwaro

A garkarmu ta Jiratawa, da sanyin safiya,
Kawu Nomau na zaune kan tsohuwar taya.
Yana ta rufe masa ido tun bazarar bara,
ni ce idonsa yanzu, ni da maƙata.

"Tsahara, faɗa mini abin da kika gani."
Na ce, "Kawu, ga wani can ƙoli ya yi ja wur."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wannan rana ce ta mare shi.
Ja ba nuna ba ne, ƴata,
kunci ne da ya kwana yana kallon gabas.
Juya shi, ki dubi gefen da ganye ya ɓoye."

Na juya.
Kore shar, irin na ganyen yakuwa.
"To bar shi. Wanda ya gatsa wannan,
haƙoransa ba su sake gaisawa da tuwo sai jibi."

Haka muka bi itacen reshe reshe,
ni ina faɗi, shi yana yanke shari'a.
Kore mai duhu, a bar shi da uwarsa.
Kore da ya fara kwacewa
kamar zanen da ya sha wanki uku a Gulbi,
a ba shi kwana huɗu.
Sai wanda rawaya ta fara tsatsowa kusa da hanci,
ba ta garin ɗorawa ba tukuna,
ta man shanun da aka kaɗa jiya,
shi ne na tsinko, na aza masa a tafi.
Ya auna kafaɗunsa da babban yatsa,
ya sunsuna, bai ce komi ba.
Shirun nan shi ne amin.

Da hantsi Ilu mai kamiyo ya iso,
Kasuwar Maradi na jiransa, in ji shi.
"A kaɗe duka, ɗanye da nunanne,
ina da maganin da ke sa su rawaya a dare ɗaya."
Ya ƙara jika biyu bisa kowane kwando.
Na dubi Kawu. Kuɗin aikin idonsa ke nan,
ko rabinsu.
Kawu ya ce, "Rawayar aro ba ta kai zuci."
Ilu ya tada mota, ya bar mana hayaƙi.

Na yi fushi, ban ɓoye ba.
Na wuni ina tsinka, ban tanka masa ba,
kwando uku kacal daga itace tara.

Da la'asar ya ce in yanka ɗaya.
Wuƙa ta shige ba gardama,
ruwan ya bi hannuna har gwiwa.
"Wane launi ne ciki?"
Na nemi kalma, na rasa.
Na ce, "Irin na yamma, Kawu, kafin kiran magariba."
Ya miƙo hannu,
ya ce in ba shi ƙwallon, ni in ci tsokar.