Inda Aka Tsaya

Bayan isha'i aka ɗauke wuta a Ali Ɗan Sofo.
Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa,
waya guda ce ke riƙe da ranta a bango.
Sala'u ya daki tabarma:
"Kawu, sha ɗaya na tsallakar, saura akuya guda!"
Allo ya yi baƙi.
Gulbin da na zana, da garken, da wahalarsa ta yini,
duk sun bi ruwa.

Ni na gina wasan, laifin nawa ne.
Na koya wa ruwa tasowa,
na koya wa jar akuya taurin kai,
ban koya wa wasan ya tuna da kowa ba.

Na kunna fitilar salula, na tasa takarda a gaba.
A ina za a riƙa ajiya?
Na ce gindin tsamiya: wanda ya kai inuwa, a rubuta masa.
Sai na tuna masu wuta ba sa jiran mutum ya kai inuwa.
To, a rubuta kowane taku?
Sai tsoro ya fice daga wasan,
kuma wanda bai san asara ba, sako-sako yake riƙe igiya.

Me ma za a ajiye?
Yawan awaki. Tsayin ruwa. Dala nawa ta rage a aljihu.
Akwai gurguwar da yake saɓawa a kafaɗa,
ya raɗa mata suna Ladiyo.
A wurina lamba bakwai ce kawai.
Na ƙara mata layi.

Kaka Tsayabu tana ɓarar gyaɗa a duhu,
yatsunta ba ruwansu da fitila.
Ta ce uwarta ta ga shekarar da gulbi ya ci tsohuwar Maraɗi,
mutane suka hau tudu.
Na ce, me suka ɗauko?
"Turmi. Irin gero a ƙwarya. Sunan unguwa."
Sauran fa?
"Sauran aka sake yi."
Ta hure ɓawo daga tafin hannunta.
"Kai dai kar ka rushe tsohon rumbu
sai sabon ya bushe."

Wajen biyun dare fanka ta motsa da kanta.
Na rubuta yadda ta faɗa:
a gina sabuwar ajiya a gefe,
a ƙwanƙwasa ta, a ji ta yi ƙwari,
sannan a saki ta jiya.

Da hantsi na bari sai da ya kai tsakiyar ruwa,
na fizge wayar da hannuna.
Ya dube ni kamar na yi masa sata.
Na mayar. Muka jira.

Ga gaɓa. Ga awaki tara suna karkaɗe jiki.
Ga Ladiyo a kafaɗa, da sunanta.

Bai ce na gode ba.
Ya ce, "Matsa, kana tare mini haske."