Yaushe Dutse Ya Huce

A Aberdeen gidaje duk launin toka ne,
in ruwa ya ɗauke sai bango ya hau ƙyalli
kamar an barbaɗa masa garin gilashi.
Daga ramin Rubislaw aka haƙo rabin garin nan,
yau ya cika da ruwa, ya yi tsit,
tsuntsayen teku na shawagi a bakinsa.

Tsoho Alasdair Cruickshank ya ba ni gutsure,
ya ce kakansa ne ya fasa shi da hannunsa,
tun daga nan yake tokare ƙofar lambu.
Ya ce, "Me za ki tambayi dutse, yarinya?"
Na ce, "Yaushe ya huce."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na daka, na tankaɗe, na rege,
aikin da na guje wa a tsakar gidanmu
ya biyo ni ɗakin gwaji sanye da farar riga.
Abin da ya saura a gindin kwano
bai kai ƙwayar acca ba.

Ashe dutse unguwa ce,
kowane gida da lokacin rufe ƙofarsa.

Zirkon ba ya hira.
Tun wuta na wajen digiri ɗari tara ya sa sakata,
yuraniyom na ciki yana rikiɗa dalma
sannu a hankali, ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa.
Ƙirga dalmar, ka san ranar suna:
shekara miliyan ɗari huɗu da saba'in.
Na rubuta lambar, na dubi agogo,
ƙarfe biyun dare, shayina ya yi sanyi.

Maika kuwa gidan mai unguwa ce,
ƙofa a wangale, iskar agon na sulalewa,
sai da zafi ya sauko wajen ɗari uku
ta tuna da mabuɗi, ta fara lissafi.

Afatayit ne na ƙarshe,
kamar mai tsiren bakin tasha.
A cikinsa ƙwayar zarra kan tsage, ta bar zane,
amma muddin da zafi, zanen shafewa yake.
Sai ya kusa hucewa tabo ke zama.
Su na ƙirga ɗaya bayan ɗaya a madubin gwaji
har idona ya fara ruwa,
na ce wa Isla, mai kula da na'ura, hasken fitila ne.

Inna Delu tana da dutsen niƙa irin wannan,
tsakiyarsa ta lotsa don gwiwa da shekaru.
Ita ke buge mini hannu a bakin malmala:
"Sama ya huce, ciki wuta ne, Uwani."
Saƙon rasuwarta a ɗakin nan ya same ni,
da safar roba a hannuna.
Kuka ya rufe ƙofarsa cikin mako.
Neman lambarta a waya ya ɗauki shekara.
Akwai wata ƙofar da har yau ban ji ƙararta ba,
fuskarta ta ƙi zama a raina,
kullum na zana, sai ta shafe.

Na kai wa Alasdair takardar sakamako,
layi ɗaya mai gangarowa, ya yi sauri, ya ja ƙafa,
ya daɗe a kwance kafin duwatsun sama su zaizaye.
Ya bi shi da yatsa, ya ce, "Ya sha jira."
Ya naɗe takardar ya cusa a aljihu,
ya tura ragowar dutsen da ƙafa
ya koma tokare ƙofa.

A hanyar gida, kan titin Union,
na cire safa na dafa bangon banki.
Sanyi ƙarara.
Na bar tafina a wurin
har motar da nake jira ta wuce.