Inda Littafin Ke Buɗe Kansa

Shagona yana bakin lise, hanyar Zariya:
inji ɗaya, fanka ɗaya,
benci mai ƙafa uku da bulo.
Dala biyar shafi. Ba bashi.

Da damanar bara littafin ya shigo Maraɗi
a jakar wani ɗalibi daga Yamai,
an yi masa riga da takardar siminti.
Amma labarinsa ya riga shi sauka tasha.
An ce can Faransa ana ta cacar baki,
wai wata mata ta tuɓe rayuwarta a takarda,
ta faɗi da wa, ta faɗi yaya,
tsohon mijinta ya kai ƙara,
'yan'uwanta sun daina ɗaukar wayarta.
Wanda ya ji a rediyo ya ƙara gishiri,
wanda ya ji a fada ya ƙara yaji.

Sai ciniki ya buɗe mini.
Ba mai cewa a buga masa littafi.
"Tamanin da huɗu zuwa casa'in da ɗaya,"
murya ƙasa-ƙasa, ido na kan titi,
kamar mai sayen maganin basir.
Har Ma'azu ɗan kabu-kabu,
da faransancinsa bai wuce gaisuwar jandarma ba,
ya biya, ya ninke, ya cusa ƙarƙashin sirdi.

Mushe Nomau, tsohon darakta,
ya tsaya a ƙofata da sandarsa:
"Wannan ba adabi ba ne, tallan tsiraici ne."
Na ce, Mushe, ka karanta?
Ya ce, "Ba sai an ɗanɗana mushe ake sanin ya ruɓe ba."
Bayan la'asar jikansa ya zo
da dala arba'in a dunƙule cikin hannu.
Ban tambayi wa ya aiko shi ba.

Kafin kaka ƙashin bayan littafin ya karye.
In ka aje shi, da kansa yake buɗewa a wurin,
kamar jakin da ya san gidan mai dusa.
Dubi gefensa: fari fat, fari fat,
sai baƙin zare guda a tsakiya,
zufar yatsun rabin gari.

Wani dare wuta ta ɗauke, ruwa ya hana ni tafiya.
Na kunna fitilar waya, na soma daga shafin farko
da faransancina mai ɗingishi.
Ashe akwai uba a ciki, mai gyaran agogo,
wanda bai taɓa kiran sunanta ba sai in ta yi ɓarna.
Akwai ɗaki a hawa na shida, babu taga.
Akwai uwa da ke guga tana kuka a kan rigar,
tana cewa yayyafi take yi mata.
Da na iso shafukan nan takwas,
waɗanda na buga sau ɗari ban ƙirga ba,
sai na iske ba su ne ba.
Kalmomin dai su ne, ba ta rufa komai ba,
amma matar da ke kwance a nan
tsagar rufi take ƙirgawa,
tana jira wani ya tambaye ta ko ta ci abinci.

Mun sayi wutsiya, mun ce mun ga raƙumi.

Jiya Gwamma, ungozomar asibiti, ta shigo,
ba ta rage murya ba, ba ta dubi titi ba.
"Ɗari biyu da uku. Guda ɗaya."
Na buɗe da ƙyar, takardar har tana ƙara
don ba a taɓa tanƙwara ta ba.
Wurin da matar ke yanke wa uwarta farce ne
a gadon asibiti, ranar ƙarshe.

Ta miƙo dala biyar.
Na ce ta bar shi, injin ma bai yi zafi ba.