Mai Saƙa a Ƙarƙashin Dutse

Kawu Ilu ya aike ni kogo, can gabas da Birnin Kudu,
in ɗebo masa kashin jemage.
Albasarsa ta fadama ta soma rawaya,
takin zamani kuwa ya fi ƙarfin aljihu.

Da rarrafe ake shiga.
Bakin da ƙunci, cikin da sanyi kamar gindin randa.
Na cije tocila da haƙora,
na ture wani ɓarin dutse,
sai ga ta.

Ba ta kai ƙwayar dawa ba.
Launinta na tsinkakken koko,
ƙafafu takwas, gashin jariri ya fi su kauri.
Haske ya sauka a kanta, ba ta gudu ba,
ban ma tabbata tana da idon ganinsa ba.
Numfashina ta ji.
Ta tsaya cak, ta rungume ƙullin ƙwanta,
fari fat, kamar audugar da ake cusawa a kunne mai ciwo.

Saƙarta ba irin ta rufin ɗaki ba ce,
mai faɗi da son a gani.
'Yar shimfiɗa ce, faɗin kwabo,
tsakanin tsakuwa biyu,
gumin dutse na lilo a jikinta.

Kakata Ladiyo ta faɗo mini a rai.
Shekara arba'in tana kaɗi a ƙuryar ɗaki,
mazari, alli, da yawu a ɗan yatsa.
Cikin masu taƙama da rigar saƙi ran kasuwa
babu wanda ya taɓa tambayar zaren wa ne.

Daga waje nakiya ta tashi.
Masu fasa dutse sun cinye rabin tudun yamma,
tifa na jida zuwa birni, ana zuba harsashin bene.
Kogo ya girgiza, yashi ya zubo mini a ƙeya,
jemagu suka rikice.
Zarenta ɗaya ya tsinke.

Ta bari sai da komai ya lafa,
sannan ta taka a hankali,
ta lalubo bakin zaren,
ta ɗaura.

Na mayar da dutsen yadda na same shi,
gefen danshi yana ƙasa.

Buhuna bai cika ba.
Kawu ya jinjina shi da hannu ɗaya, ya dube ni:
"Inuwa, barci ka yi a can?"
Na ce, "Jemagun ne suka rage ci bana."